Wa Ya Rubuta Sunayen Mutanen Burmi?

Duk wanda yake cikin Gombe ranar Alhamis, 16 ga Yuli 2015, yana iya gaya maka inda yake tsaye sa'ad da ƙarar ta tashi. Jajibirin ƙaramar Sallah ne, da la'asar sakaliya, babbar kasuwa ta cika ta batse da masu sayen takalman yara da kayan miya. Bom na farko ya tashi, kafin mutane su san inda za su nufa na biyu ya biyo. Kusan mutum 50 ne ba su ga Idi ba.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na jefa wa 'yan majalisarmu tambaya: wa zai kawo mini sunan mutum biyar daga cikinsu? Mu tara ne a kan tabarma, dukkanmu a garin nan muka yi waccan Sallar, wasunmu har da su aka ɗauki gawa. Aka yi tsit, sannan aka shiga lalube. Da ƙyar muka haɗa uku, na ukun ma laƙabinsa kawai aka tuna da sana'arsa. Wani ya ce, "Allah dai Ya jiƙansu," muka ce amin, hira ta koma kan tsadar taki. Ni kaina mai tambayar, mutum ɗaya na sani.

Kunyar wannan dare ce ta sa zan ɗauko zancen mutanen da yawancinmu ba ma son a ɗauko zancensu, wato Yahudawa, da abin da suka yi wa matattunsu.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Hitila ta Jamus da masu taya ta sun kashe Yahudawan Turai kimanin miliyan 6, kusan kashi biyu cikin uku na duk waɗanda ke nahiyar. Wasu a bakin ramuka aka jera su aka harbe. Wasu yunwa da cuta suka cinye su a unguwannin da aka killace su. Wasu aka loda su a taragun dabbobi zuwa sansanoni, aka shaƙe su da iskar guba. A sansanin Auschwitz kaɗai, cikin ƙasar Folan, an kashe mutum kimanin miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa. Ranar 27 ga Janairu 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka isa wurin, shi ya sa a 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana ta kowace shekara don tunawa da kisan ƙare-dangin da ake kira Holokos.

Miliyan shida lissafi ne da bakin mutum ke iya faɗa amma zuciyarsa ba ta iya ɗauka. Wanda yake son ya gane sai ya dubi gari guda. Kafin yaƙin, birnin Salonika na ƙasar Girka yana da Yahudawa wajen 50,000, jikokin waɗanda aka kora daga Andalus a 1492, har lokacin da tsohon Sifaniyanci suke hira a gidajensu. A 1943 aka kwashe su a jiragen ƙasa, fiye da kashi 90 cikin 100 ba su dawo ba. Maƙabartarsu, wadda ta shekara ɗaruruwa, aka farfasa duwatsunta aka yi gini da su, yau jami'a ce a kan filin. Mai karatu ya kwatanta: a wayi gari babu kowa a unguwannin Jekadafari da Bolari da Herwagana na Gombe, a zuba baƙi a gidajen, bayan shekara talatin yaro ya tashi a wurin bai san an taɓa yin wasu mutane ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasunsu tun suna cikin wutar suka fara rubutu. A Warso, babban birnin Folan, an cusa mutum fiye da 400,000 cikin 'yar unguwa aka kewaye ta da katanga. A cikinsu akwai wani malamin tarihi, Emanuel Ringelblum. Ya tara mutane kimanin sittin, malaman makaranta da marubuta da ɗalibai, suka riƙa tattara komai a ɓoye: littafin da wani ke rubuta abin da ya gani kullum, katin rabon abinci, insha'in 'yan makaranta, farashin burodi, wasiƙar da ta zo daga ƙauye tana cewa an kwashe mutane jiya, har takardar naɗe alewa. Da suka tabbata ba tsira, sai suka zuba takardun a akwatunan ƙarfe da garewanin madara suka binne ƙarƙashin gine-gine. An harbe Ringelblum a Maris 1944. Cikin mutanensa uku kaɗai suka rayu, ɗayansu ne ya nuna inda za a tona. An haƙo kashi na farko a 1946, na biyu a 1950, na uku har yau ba a gan shi ba. Mutum yana jin yunwa, yana jiran ranar da za a zo kansa, amma ya zauna ya rubuta nawa ake sayar da burodi yau, don na baya su sani. Duk sa'ad da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Bayan yaƙi, waɗanda suka tsira suka watsu a Amurka da Ajantina da Isra'ila. 'Yan gari ɗaya sukan nemi juna, su yi karo-karo, su buga wa garinsu littafi. Su zana taswirarsa da ka, layi-layi: nan gidan wane, nan shagon maƙeri, nan rijiya. Su ba da labarin malamin yara da mai ga-ruwa da mahaukacin garin da kowa ke tsokana. A ƙarshen littafin sai jerin sunayen waɗanda aka kashe, gida-gida. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan littattafai. A 1953 aka kafa cibiyar Yad Vashem a Birnin Ƙudus, wadda ta shekara fiye da saba'in tana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, har ta tara wajen miliyan 5. A Jamus kuma wani mai sassaƙa, Gunter Demnig, ya fito da dabarar dasa ɗan dutse mai fuskar tagulla a ƙofar gidan da mutum ya zauna kafin a tafi da shi, da sunansa da shekarar haihuwarsa da inda aka kashe shi. Sun wuce 100,000 a titunan Turai.

Na san abin da ke bakin mai karatu, domin an faɗa mini shi a ido: "Kai yanzu Yahudawa za ka tausaya wa, kana ganin abin da ake yi a Gaza?" Ina gani. Dubun-dubatar mutanen da aka kashe a Gaza tun Oktoba 2023, yara da mata, zalunci ne, kuma wahalar da kakannin wani suka sha ba ta halatta masa jinin kowa. Sai dai tsohuwar da aka shaƙe a Auschwitz a 1944 ba ta ƙwace gonar kowa ba, lokacin ma ba a kafa ƙasar Isra'ila ba. Kuma a duba abin da Falasɗinawan su kansu suka yi. A 1992 masaninsu Walid Khalidi ya fitar da kundin ƙauyuka 418 da aka tashi mutanensu a 1948, kowanne da wurinsa da yawan jama'arsa da abin da ya rage a kangonsa. A Oktoba 2023, da shugaban Amurka ya ce bai amince da alƙaluman mamatan Gaza ba, kashegari ma'aikatar lafiyarsu ta saki sunaye fiye da 6,700, kowa da shekarunsa da lambar katinsa. Wanda aka zalunta ya san amfanin suna, domin azzalumi da musu yake farawa.

Akwai kuma wata magana da nake ji a bakin samari, a wurin mai shayi da kuma Facebook, wai Hitila gwarzo ne, laifinsa kawai bai ƙarasa aiki ba. Ƙanena, da kai Hitila ya samu, da kana cikin aikin. Gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yaran da Jamusawa mata suka haifa wa sojojin Afirka tiyatar hana haihuwa, don kada su hayayyafa. A Yuni 1940, da sojojinsa suka ci Faransa, a wurare da dama sun ware baƙaƙen sojojin da aka ɗebo daga Afirka ta Yamma daga cikin fursunoni farare suka bindige su. A Chasselay, kusa da birnin Liyon, akwai maƙabartarsu mai jar katanga irin ginin ƙasashenmu. Kakanninmu 'yan mazan jiya da suka je Habasha da Boma, ƙawayen Hitila suka je yaƙa. Kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya karanta yadda Fir'auna ke yanka 'ya'ya mazan Bani Isra'ila, an kuma kira shi azzalumi. Azumin Ashura da muke yi kowace shekara, asalinsa godiya ce a kan ranar da Allah Ya tserar da Annabi Musa (AS) da mutanensa. Ashe tuna wahalar da ta sami Bani Isra'ila ba baƙon abu ba ne a gidan Musulmi.

Kada kuma a ɗauka ɓacewar al'ummar Yahudawa labarin Turai ne kaɗai. Ta taɓa faruwa a kan hanyar fataken da ta kawo mana littattafai. A Tuwat, cikin hamadar Aljeriya ta yau, Yahudawa sun daɗe suna zaune a garin Tamantit, suna fatauci da ƙira. Wani ɗan kasuwar Italiya da ya sauka can a 1447 ya rubuta cewa suna da yawa. Wajen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya yi fatawar cewa sun warware amanarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi, ya tsaya a kan cewa suna da zimma, malaman Magrib suka rabu biyu a kan mas'alar. Ƙarshenta aka rushe wurin ibadarsu, aka kashe wasu, sauran suka watse. Wannan Maghilin shi ne ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, ya je Katsina, ya je Gawo wurin Askiya Muhammadu. Muna karanta zuwansa Kano da alfahari, kuma ya cancanta. Amma ɗalibin da aka gaya wa Maghili ba a gaya masa Asnuni ba, an tauye masa karatu, domin shi ma alƙalin malami ne, da hujjar shari'a ya tsaya.

Yanzu mu dawo gida, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙaramar hukumar Funakaye, ba nisa da Bajoga, akwai wurin da ake kira Burmi, ko Mbormi a bakin mutanen yankin. Gari ne mai ganuwa, wanda Malam Jibrilla Gaini ya mai da shi cibiyarsa a ƙarshen shekarun 1880, har ya gagari masarautar Gombe. Turawa sun kama shi a 1902 suka kai shi Lakwaja. Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Duk inda ya ratsa sai jama'a su bi shi. Manomi ya bar gonarsa ga damina na shirin sauka, malami ya ɗaure littattafansa a gafaka ya tasa almajiransa gaba, mata da goyo, tsofaffi a kan jakai, har da sarakunan da aka tuɓe. Wannan tururuwar ce ta tayar wa Turawa hankali, domin ƙasar da mutanenta suka tashi, wa za ka mulka a cikinta?

A Burmi aka yi ta ta ƙare. Ranar 13 ga Mayu Turawa suka kawo hari, mutanen garin suka kore su. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli 1903 da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Aka wuni ana fafatawa, kibiya da mashi suna fuskantar harsashi. Kafin rana ta faɗi an kashe Sarkin Musulmi da mutum fiye da 600, aka cinna wa garin wuta. A ɓangaren Turawa kwamandansu, Manjo Marsh, kibiya ta same shi ya mutu. Waɗanda suka tsira da dama suka ci gaba da tafiya tare da ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nil ta wajen Sinnar. Jikokinsu suna can har gobe.

To, cikin mutum ɗari shida da wani abu, sunan nawa muka riƙe? Attahiru. Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Masana za su ƙara 'yan kaɗan daga cikin manya. Shi kuwa Marsh, mutanensa sun rubuta sunansa da muƙaminsa da ranar da ya mutu. Ita kanta ƙidayar ɗari shidan daga rahoton waɗanda suka yi kisan muka samo ta. Manomin Katagum ko na Misau da ya bar gonarsa ya zo ya faɗi a gindin ganuwa, ba wanda ya san ko shi wane ne. Mutanen Burmi na asali, masu rini da masu saƙa da matan da suka daka wa wannan taron hatsi wata da watanni, ina suka nufa da gari ya ƙone? A Bajoga da Ashaka da Nafada da ƙauyukan bakin Gongola ba za a rasa gidajen da kakanninsu daga can suka fito ba. Shekara hamsin da suka wuce akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu suna yara. Mun bar su sun tafi da shi. Ni a yankin nan na yi firamare da sakandare, na haddace sunayen matan wani sarkin Ingila don jarrabawa, ba a taɓa ɗaukar mu an kai mu Burmi ba, alhali tafiyar ba ta kai rabin yini ba.

Haka Satiru, kusa da Sakkwato, wadda aka shafe a Maris 1906, aka kashe mutum wajen 2,000, ba a sake zama a cikinta ba. Kuma tunda laifi tudu ne, sai in taka namu: muna tuna 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, haƙƙinmu ne mu tuna, amma dubban Inyamuran da aka kashe a garuruwan Arewa cikin wannan shekarar, maƙwabta ne da abokan ciniki, su ma suna da sunaye. Wanda ke son a rubuta nasa matattun dole ya haƙura a rubuta na wanda ya mutu a hannun mutanensa.

Wani malamin zai ce duk wannan bidi'a ce, mu ba ma gini a kan kabari, mamaci addu'a yake buƙata. Ban ce a yi gini ba, ban ce a kunna kyandir ba. Rubutu na ce. Littattafan sira sun jera mana mutanen Badar da shahidan Uhudu da sunayensu da na iyayensu da ƙabilunsu, shekara fiye da 1,400 ke nan ba su ɓata ba. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wane ɗan wane, ina aka haife shi, yaushe ya rasu. Mu ne muke sa wa jariri sunan kakansa, mu riƙa kiransa Abba ko Baffa don kada sunan ya bar gidan. Al'adar tana nan, iyakarta dai ta tsaya a kan malamai da sarakuna da 'yan gida. Talaka kuwa, da an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, shi ke nan, sai uwarsa kaɗai.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne akwai Burmin da ke tsakiyarmu yanzu. Tun daga 2014, da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, mutanen Borno da Yobe suka kwararo Gombe. Da yawa ba su koma ba, sun kama haya a gefen gari, wasu sun sayi fili sun yi gini. A unguwarmu akwai wata iya mai sayar da ƙuli-ƙuli, daga wani ƙauyen bayan dutsen Gwoza ta fito. Ran nan na zauna kusa da ita, na ce, "Iya, gida nawa ne a garinku?" Ta ajiye faranti ta fara lissafi da yatsu, daga bakin rafi ta hau, gidan wane, sai na ƙanensa, sai mai niƙa, sai coci, sai masallaci, tana faɗa tana gaya mini wanda aka yanka, wanda ya tsallaka Kamaru, wanda har yau shiru. Ta fi rabin awa ba ta yi tuntuɓe ba. Jikokinta a nan aka haife su, Hausa suke yi, yarenta sama-sama suke ji. Ta haura saba'in.

Aikin ba ya buƙatar kwangila, kuma gara kada ya zama kwangila. A Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala digiri. A ba kowane ɗalibin tarihi ko na Hausa ƙauye ɗaya da ya tashi, ya nemi tsofaffinsa a unguwannin Gombe, ya naɗi muryarsu da wayar da ke aljihunsa, ya zana taswirar garin yadda suka faɗa, ya jera sunaye. A tura wasu Funakaye su bi gidajen da ke da jibi da Burmi, wasu su je ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna da Gidan Arewa su kwafo abin da Turawa suka rubuta. Masarautun Gombe da Funakaye suna da masu unguwanni da dagatai waɗanda suka san kowane gida, umarni ɗaya ya isa. Shugabannin kasuwa da na tasha sun san rumfar da mai ita bai dawo ba.

Kafin manya su motsa, ga roƙona ga mai karatu. Idan ka rasa wani a babbar kasuwa a jajibirin Sallar 2015, ko a tashar Dukku ranar 22 ga Disamba 2014, ko a wani harin da aka kai garin nan, ka samu takarda yau ka rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, unguwarsu, sana'arsa, da abin da ya fitar da shi daga gida ran nan. Ka ajiye ɗaya, ka kai wa mai unguwarku ko limaminku ko fastonku ɗaya. Ni na sayi littafi mai bango mai kauri na rubuta ukun da muka tuna a majalisa. Saura arba'in da wani abu.